Ranar da Girar Sarewa Ta Narke

Sarewa ake kiranta a gidan rediyon, saboda daɗin muryarta. Shekara tara ke nan tana karanta labaran ƙarfe bakwai na safe, har direbobin haya kan saita agogo da gaisuwarta. Amma da za ta shiga motar ɗayansu ta ja bakinta ta yi shiru, har ya sauke ta ba zai san wadda ya ɗauko ba. Wannan kuwa ya yi mata daidai, kamar an gwada.

Wata Litinin ta fito daga ɗakin karanta labarai da takardunta a hannu, sai ta yi kiciɓis da Manaja a bakin ƙofa, yana ta murza tafin hannu kamar wanda ya tsinci dami a kala.

"Sarewa, same ni a ofis," in ji shi. "A'a, ƙyale ofis ɗin, ba zan iya jira ba. An ba mu izinin buɗe talabijin!"

"Kai, madalla! Allah ya sanya alheri, ranka ya daɗe."

"Tsaya mana, ban gama ba. Za a yi shirin safe, awa guda, kai tsaye, kullum. Jiya muka zauna mu biyar, na ce kowa ya rubuta sunan wanda yake so ya gabatar. Takarda biyar, suna ɗaya. Ke ce."

Ba ta san lokacin da ta kurma ihu ba. Takardun suka watse a ƙasa, mai shara ta yar da tsintsiya ta zo a guje tana tambayar wa ya faɗi. Sarewa ta rungume ta, ta juya da ita sau biyu, baiwar Allah tana cewa a sauke ta, bayanta. Tun tana 'yar makaranta take tsayawa gaban madubi, ta riƙe mataji a matsayin makirufo, tana karanta wa ƙannenta labaran duniya har su gaji su gudu. Yau ga abin ya zo har ƙofa, ba ta nema ba.

"Saura kwana goma sha biyu," in ji Manaja yana tafiya. Ya ɗan waiwayo. "Af, Darakta ya ce wannan ƙaton tabarau naki ba zai yi ba, yana mayar da hasken fitila. Sai ki aje shi a gida."

Nan ne dariyar ta ɗauke. Ta kai hannu ta taɓa goshinta.

Shekara huɗu da suka wuce, mai kitsonta ta tsaya cak a tsakiyar aiki, ta ce, "Anti, me ya same ki a ƙeya?" Wani ɗan fili ne kamar kwabo, sumul, babu ƙaiƙayi, babu ƙurji. Aka ce makero ne, aka shafa magani. Fili ɗaya ya zama uku. Wata ta ce ta goga tafarnuwa, wani ya ce ruwan albasa, Sarewa ta yi wata guda tana warin kicin, abin kuwa sai gaba yake yi. Kafin wata shida kan ya tashi tas. Daga nan gira ta bi, gashin ido ya bi, har na cikin hanci bai tsira ba.

Likitar fata ce ta warware mata zare da abawa. Ta duba kan, ta duba farcenta, ta ce, "Kin san jikin mutum yana da sojojinsa masu tsare shi daga cuta, su ake kira garkuwar jiki. To, naki sojojin ne suka ruɗe, suka ɗauka saiwar gashinki abokiyar gaba ce, suka far mata. Ba ƙazanta ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba wanda zai ɗauka a wurinki. Saiwar ba ta mutu ba. Na wasu yakan dawo, na wasu ya dawo ya sake zuba, na wasu kuma shiru. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba."

An yi allurai, an sha ƙwayoyi. Ɗan gashi fari-fari ya leƙo sau ɗaya, ya yi wata biyu, ya koma inda ya fito. Daga nan Sarewa ta haƙura. Ta koyi ɗaura ɗankwali ƙasa-ƙasa har ya kusa taɓa ido, ta sayi tabarau mai baki mai kauri da ke rufe gurbin gira. Mutum huɗu kaɗai suka san abin da ke ƙasa: mahaifiyarta, mijinta, ƙanwarta da likitar.

Ranar da Manaja ya yi mata albishir ɗin, ba ta jira an tashi daga aiki ba. Ta tari mota ta nufi gida.

Mijinta mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, shagonsa yana jikin gidansu, 'yan unguwa suna ce masa Injiniya. Ta same shi durƙushe, rabin jikinsa a bayan wani tsohon firji, yana fama da wata waya.

"Injiniya, fito! Fito ka ga matarka kafin duniya ta gan ta!"

Ya fito da baƙin mai a kumatu. Tana gama faɗa masa ya jefar da filaya, ya fita bakin titi yana kiran mai shagon kusa. "Maƙwabci! Talabijin ɗin nan taka tana aiki kuwa? Kawo ta in duba maka kyauta. Matata za ta shiga ciki!"

"Kai don Allah rufa mana asiri," in ji Sarewa tana jan rigarsa, tana dariya. Da suka shiga ciki ta cire tabaran, ta nuna masa fuskarta. "An ce ban da wannan."

Ya dube ta kamar yadda yakan dubi firjin da aka kawo masa, a tsanake. "To, mene ne a ciki? Ina Auta? Ba sana'arta ke nan ba?"

Auta ƙanwarta ce, ita ce 'yar ƙaramarsu, kuma kwalliyar fuska take yi wa mata a wani shago da ke kan babban titi. Ana buga mata waya ta rufe shagon ta taho da akwatinta, tun daga ƙofar gida ake jin muryarta.

"Ina tauraruwar? Yaya, yau shekara huɗu ina roƙonki ki ba ni fuskar nan, kina hana ni. Zauna nan, kusa da taga."

Aka shiga gwaji. Auta ta auna da zare daga gefen hanci zuwa kusurwar ido, ta ɗiga alama uku, ta shiga jan layi siriri-siriri da jagira, gashi ɗaya bayan ɗaya, harshenta a waje don tsabar natsuwa. Ta farko da ta zana ta yi sama da yawa.

Injiniya ya leƙo ya ce, "Wannan ai kamar ta buɗe firji ta ga maciji."

Aka goge. Ta biyu ta yi ƙasa, ta haɗe.

"Wannan kuma shugabar makaranta ce ta kama mai latti."

"Yaya, ki faɗa wa mijinki ya koma wajen firjinsa," in ji Auta, "ko in zana masa tasa a ƙeya."

A ta biyar aka dace. Auta ta manna mata gashin ido na kanti, ta ɗaura mata ɗankwali can baya yadda goshi zai fito, sannan ta miƙa mata madubi. Sarewa ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga gira ɗaya, ta ɗaga ɗayar, ta haɗe rai, ta sake. Sai hawaye.

"Kar ki soma!" Auta ta daka mata tsawa. "Awa guda na yi a kanta!"

Mama ce kaɗai ba ta shiga murnar da ƙafa biyu ba. Da suka je gaya mata, ta yi addu'a, ta sa albarka, sannan ta shiga jan gefen mayafinta.

"Ni dai abin da nake gudu," in ji ta, "asirin da Allah ya rufa shekara huɗu, ke kuma ki ɗauke shi ki kai gaban na'ura. Bakin mutane ba shi da linzami. Ko 'yan'uwan babanku ban taɓa gaya wa ba."

"Mama, ba wanda zai gane," in ji Auta. "Aikina ne fa. Ko ruwan sama aka yi ba za ta motsa ba."

Kwana goma sha biyun suka wuce kamar ƙiftawar ido. Kullum bayan labarai Sarewa takan shiga sabon ɗakin ta yi gwaji. Da can ɗakin ajiyar tsofaffin kaset ne, aka kwashe, aka yi fenti, aka sa kujeru biyu masu laushi da ɗan tebur da tukunyar fure na roba. Sama kuwa fitilu ne guda takwas, manya, rataye a ƙarfe. Mai ɗaukar hoto wani siririn mutum ne da ake kira Dogo, shi ya koya mata ta riƙa kallon kyamarar da jar fitilarta ke kunne. Darakta kuma yana can bayan gilashi, yana yi mata magana ta wani ɗan abu da ake saƙala mata a kunne. Ta koyi yin murmushi alhali ana yi mata ihu a kunne. Ta koyi zama ba tare da kaɗa ƙafa ba. A gida ma ba ta bar Injiniya ya huta ba, kullum sai ta zaunar da shi ta yi hira da shi a matsayin baƙo, yau shi ne minista, gobe shi ne ɗan dambe.

Ranar farawa, gari na wayewa Auta ta iso. Ƙarfe bakwai da rabi Sarewa na zaune a kujerarta, fes da ita, gira kamar da ita aka haife ta. Baƙon farko babban jami'in 'yan kwana-kwana ne, wani dattijo mai faɗin ƙirji da kaki mai sheƙi, an gayyato shi ya yi bayani kan tukunyar gas da gobarar kicin. Manaja yana ta kai da kawo, yana gyara furen roba, yana mayar da shi yadda yake.

Saura minti biyar, aka kunna fitilu takwas ɗin gaba ɗaya. Na'urar sanyin ɗakin ta yi wani tari, ta yi gurnani, ta mutu.

"Ba komai, ba komai!" in ji Manaja. "Awa ɗaya ce kawai. Ku daure."

Darakta ya ƙirga mata a kunne. Jar fitila ta kama. Da ta buɗe baki, muryar nan ta fito yadda ta saba, a sanyaye. Ta gaida masu kallo, ta ce yau ga fuskar muryar da suka daɗe suna ji. Dogo ya ɗaga mata babban yatsa daga bayan kyamara. Ta karanta kanun labarai ba tuntuɓe ko ɗaya. Ta juya ga baƙonta, hira ta kama kamar sun shekara da sanin juna. Ta tambaye shi mene ne abu mafi ban mamaki da aka taɓa kiransu dominsa, ya ce akuya ce ta hau rufin bene ta ƙi saukowa. Har Darakta ta ji yana dariya a kunnenta. Daɗi ya cika ta, ta ce a ranta, ashe haka abin yake.

Sai dai ɗakin ya soma zama tanda. Minti ashirin da farawa, zufa ta tsattsafo mata daga ƙarƙashin ɗankwali. Mai gira bai san aikin da gira take yi masa ba: ita ke tare gumi ta kautar da shi gefe. Wanda ba shi da ita kuwa, kai tsaye gumin yake gangarowa cikin ido. Sarewa ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Idonta na hagu ya ɗauki yaji kamar an watsa barkono. Jami'in yana tsakiyar bayanin yadda ake gane gas na yoyo, ita kuwa, ba tare da tunani ba, ta kai bayan hannu ta share.

Jami'in ya tsaya a tsakiyar magana, bakinsa a buɗe.

Ta saci kallon ƙaramar talabijin da ke ƙasan kyamara, wadda ke nuna mata abin da mutanen gari suke gani. Girar dama tana nan daram. Ta hagu kuwa ta tashi daga wurinta, ta zama wani baƙin zane da ya nufi kunne. Gashin idon kanti ya ɓalle ta gefe ɗaya yana lilo.

"Talla! A sa talla!" Darakta yake ihu a kunnenta. Sai kuma ta ji ya ce da wani, "Kamar yaya ba a ɗora ba?" Ya dawo kanta. "Sarewa, babu talla. Ci gaba. Juya gefen dama, ci gaba!"

Ta tuna Mama na zaune gaban talabijin. Ta tuna shagon Injiniya cike da 'yan unguwa. Daƙiƙa uku aka yi ba wanda ya ce uffan, ita kuwa ta ji kamar shekara.

Sai dattijon ya sa hannu a aljihun kakinsa, ya zaro farin hankici a ninke, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Malama," in ji shi da muryar aiki, "ina ganin an samu 'yar matsala ta ɓangaren hagu. Amma mun iso da wuri."

Dariya ta kufce mata. Ta so ta riƙe, ta kasa. Ta yi ta har ta dafa tebur, jami'in ma ƙirjinsa na girgiza, kyamarar Dogo na rawa. A cikin dariyar nan ne tsoron ya sake ta. Ta karɓi hankicin, ta share gefen hagu tas. Ta ɗan tsaya. Sannan ta kai shi dama, ta share waccan ma, ta ɓalle gashin idon biyu ta ajiye su kan tebur kusa da furen roba.

"Me kike yi?" in ji Darakta. "Sarewa, me kike yi?"

Ta zare abin kunnen ta ajiye. Ta dubi jar fitila.

"Masu kallonmu, ku yi haƙuri, ba haka muka tsara ba. Amma tunda kun gani, bari ku gani da kyau. Wannan ita ce fuskata. Ba ni da gira, ba ni da gashin ido, kuma ƙarƙashin ɗankwalin nan babu ko sili ɗaya. Shekara huɗu ke nan. Waccan girar da kuka gani ɗazu aikin ƙanwata ce, kuma wallahi ta iya, zafin ɗakin nan ne ya fi ƙarfinta."

Ta faɗa musu yadda abin ya fara, da tafarnuwar, da albasar. Ta faɗa musu abin da likita ta ce game da sojojin jiki da suka ruɗe. "Ba a ɗauka," in ji ta. "Ku ci abinci da mai shi, ku yi amfani da matajinsa in yana da abin tajewa. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma wani ne ya yi masa ba. Ni lafiyata ƙalau, ga ni kuna gani. To, ranka ya daɗe, muna kan maganar gas."

"Ai gas ya jira," in ji jami'in.

Ta gilashi ta hango Darakta yana ɗaga mata kan waya da hannu biyu, yana nuna mata kunne. Ta mayar da abin kunnen.

"Layuka huɗu duk sun cika," in ji shi. "In sa?"

"Sa."

Na farko wani tela ne. Ya ce shekara goma sha ɗaya rabonsa da cire hula a gaban mutane, gemunsa ma fili-fili ne, ya ɗauka shi kaɗai ne a duniya. "Yanzu haka hular tana hannuna," in ji shi. "Yaran shagona sai kallona suke." Na biyu wani ne da ya ce shi dai a ganinsa bai kamata mace ta tona wa kanta asiri haka ba. Sarewa ta gode masa, ta ce ra'ayinsa ne, aka wuce. Ta uku mace ce, da ƙyar ake jin ta saboda kuka. Ta ce 'yarta mai shekara tara, wata uku ke nan tana gida, an ce kar ta koma makaranta sai kanta ya warke, don kada ta shafa wa sauran yara.

"Tana kusa da ke?" in ji Sarewa.

"Ga ta nan, ta manne da talabijin."

"To, 'yata, kina ji na? Kalle ni da kyau. Ni da ke jirgi ɗaya ya ɗauko mu. Ki ce wa mamanki ta kawo ki nan ranar Juma'a, ina son ganinki."

Saura minti huɗu a rufe, Darakta ya ce akwai wata dattijuwa da ta ƙi sauka daga layi, ta ce sai an sa ta. Aka sa.

"Salamu alaikum. Ana ji na?" Ko cikin barci Sarewa ta san wannan muryar. "Ni ce na haife ta. Wannan da kuke gani 'yata ce, ta fari. Ina so a sani." "Shi ke nan abin da zan ce. Ke kuma ki sha ruwa, kin yi gumi da yawa."

Yadda Sarewa ta rufe shirin, ita kanta ba za ta iya faɗa ba. Jar fitila na mutuwa Auta ta faɗo ɗakin kamar an jefo ta, tana kuka tana dariya tana masifa duk a haɗe.

"Kin kashe min kasuwa, Yaya! Duk gari sun ga girata ta narke!" Wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta sake dubawa. "Ikon Allah. Mata uku ke nan suna tambaya ko ni ce ƙanwar."

Manaja ya shigo a ƙarshe, rigarsa sharkaf. Sarewa ta miƙe, ta shirya jin ko mene ne.

"Ranka ya daɗe, na san ba haka aka..."

"Ke, rufe baki! Wayar ofishina ma ba ta huta ba. Matata ta kira, ta ce in na taɓa ki kar in dawo gida." Ya share wuya. "Wannan likitar taki, za ta yarda ta zo ranar Juma'a? Mu ba ta awar gaba ɗaya. Kuma don Allah kira mijinki ya zo ya duba mana na'urar nan kafin mu dahu."

Injiniya bai jira kira ba, yana ma bakin ƙofar gidan rediyon da jakar kayan aikinsa, maigadi ya hana shi shiga. Da aka shigo da shi, ya tsaya yana kallonta, idonsa ja, yana ta gyaɗa kai. Can ya ce, "Shagon ya cika har titi. Da kika goge ta biyun, maƙwabci ya yi tsalle ya fasa min fanka." Ya ja tsani ya hau duba na'ura.

Ranar Juma'a likitar ta zo da farar rigarta. Ba ita kaɗai ta zo ba. Tun kafin ƙarfe bakwai mutum goma sha huɗu ke zaune a barandar gidan, maza da mata, wasu da hula, wasu da mayafi har goshi, suna satar kallon juna kamar 'yan'uwan da aka raba tun suna yara. Telan nan yana cikinsu, kansa a buɗe, sai sheƙi yake. Sarewa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaisawa. Ranar ba ta zana komai ba. Daga baya takan zana in ta ga dama, takan bari in ta ga dama, masu kallo har suka saba.

A ƙarshen benci ta ga yarinyar, ta ƙanƙame hannun uwarta, da hular ulu a kai duk da zafin da ake yi. Sarewa ta durƙusa a gabanta.

"Ke ce baƙuwata?"

Yarinyar ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon goshin Sarewa, sannan ta ce a hankali, "Anti, yana dawowa?"

"Nawa dai bai dawo ba. Na wasu yana dawowa. Ga likita can, za ta duba ki, ita ta fi ni sani. Amma makaranta kam za ki koma, da gashi ko babu."

Haka kuwa aka yi. Likitar ta rubuta takarda ta buga hatimi, Sarewa da kanta ta raka su ranar Litinin bayan shiri. Shugaban makarantar ya karanta, ya ba da haƙuri, ya ce rashin sani ne, ya kuma roƙi likitar ta zo ta yi wa malamansa bayani.

Shirin safe ya kafu. Gashin Sarewa bai dawo ba, ko sili. Mutanen barandar nan suka mayar da haɗuwarsu ta wata-wata, suka kai su arba'in, telan ne shugaba.

Wata bakwai bayan haka, tana cikin motar haya za ta gida da rana, wayarta ta yi ƙara. Uwar yarinyar ce, tana haki kamar ta yi gudu.

"Anti, ya fito! Ina yi mata wanka na ji abu a tafin hannuna. Fari-fari ne, laushi kamar na jariri, amma wallahi gashi ne! Duk ƙeyar!"

"Ki rantse!" Sarewa ta ƙwala ihu har direban ya taka birki. "Ba ni ita! Ba ni ita in ji!"

Fasinjoji suka juyo suna kallonta. Direban ya leƙo ta madubi, ya ce, "Lafiya dai, Anti Sarewa?"

"Lafiya lau, malam direba! Sauke ni a nan, na fasa zuwa gida. Ina ne ake samun motar da ke bi ta bayan asibiti? Can wata 'yata take, sai na je na gan ta da idona."

"Zauna abinki," in ji shi, ya kunna sigina. "Jama'a, ku yi haƙuri, za mu ɗan zagaya."